Zauren Kasuwa: Sau nawa ya kamata a taɓa tsarin juya jari?

Sanin kowa ne cewa babban ɗan kasuwar albasa a Madawa, Buza ko Keita yana da ƙa'idar da yake bi. Yakan sayi kaya a watannin Maris da Afrilu, lokacin da albasar fadamun Tarka da Magiya ta cika kasuwa kuma ta yi araha, ya zuba a rudu, ya jira har damina ta wuce, kaya su yi ƙaranci, sa'an nan ya sayar wa masu kaiwa Gana da Abijan. Matsalar da ke raba kan ƴan kasuwa ita ce: sau nawa za a sake duba wannan ƙa'ida?

Masu sayen hannun jarin kamfanoni sun daɗe da wannan muhawara. A shekarar 1991 wani Ba'amurke, Michael O'Higgins, ya yaɗa wani tsari mai sauƙi: cikin manyan kamfanoni 30 na ma'aunin Dow Jones, a zaɓi 10 waɗanda rabon ribarsu ya fi yawa idan an gwada da kuɗin hannun jarinsu, a riƙe su shekara cur, sa'an nan a sake lissafi. Ba a sauraron jita-jita a tsakani.

Dalilin kuwa a fili yake. Kowane saye da sayarwa yana da la'adar dillali, kamar yadda kowane motsin buhu yake da kuɗin dako, na mota da na haraji. Wanda ke sauya shawara kowace ranar kasuwar Tunfafi ko Tamaske, dillalai yake yi wa aiki. Sauri ya haifi nawa.

Wannan ya shafi ma'aikacin gwamnati mai ɗan ajiya. Tun 1998 kasuwar hannun jari ta BRVM ke aiki a Abijan domin ƙasashen UEMOA takwas, kuma bankin BOA-Niger ya shiga cikinta a 2003. Galibin kamfanonin can sau ɗaya suke raba riba a shekara, bayan an rufe lissafi. Saboda haka mai bin ƙa'idar rabon riba ba ya samun sabon ma'auni kowane wata.

Amma akwai bambanci tsakanin farashi ya motsa da kasuwa ta sauya gaba ɗaya. Ran 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, duk lissafin da aka yi a da ya rushe. Haka kuma a 2023, takunkumin CEDEAO ya rufe iyakokin Najeriya da Benin, hanyoyin kaya suka sauya. A irin wannan hali, in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

Shawara ita ce a rubuta ƙa'ida a littafi, a sa mata rana guda a shekara, bayan an sayar da buhun ƙarshe ko an karɓi riba, a auna abin da ya ruɓe da abin da ya shigo. Kafin wannan rana, babban sauyi na kuɗi, doka ko iyaka ne kawai zai sa a buɗe littafin. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.