Gaɓar Kogin Chalawa Amana Ce a Wuyan Kanawa

Duk wanda Allah ya nufa da ziyarar garuruwan bakin teku na ƙasashen zafi, kamar Mombasa ta ƙasar Kenya, ko tsibirin Zanzibar, ko Badagiri da ke yamma da Ikko, lalle zai tarar mutanen can sun daɗe da mayar da gaɓar ruwansu gonar da ake girbe ta rani da damina, domin kuwa daga mai kwale-kwale har mai gasa kifi, daga ɗan jagora har mai masaukin baƙi, kowa a bakin ruwan nan yake samun abin rufin asirinsa. Baƙo ya wuni yana kallon ganuwar Fort Jesus ta Mombasa wadda Turawan Fotugal suka fara ginawa a 1593, ko yana zaga lungunan tsohon birnin Zanzibar wanda Hukumar UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a shekarar 2000, in la'asar ta yi sanyi kuma ya gangara bakin ruwa ya sha iska, ya kashe abin da ya zo da shi cikin daɗin rai. Mawadatanmu da ma'aikatanmu suna zuwa waɗannan wurare, su komo da hotuna da labarai, in an tambaye su dalilin da ya hana a ga irin wannan a gida, sai su ce ai Allah bai ba mu teku ba.

Maganar rashin teku gaskiya ce, amma hujjar da aka ɗora a kanta ba ta da ƙafa. Haƙiƙa Mai rabon ni'ima bai manta da ƙasar Kano ba, kuma shaidar haka tana nan kwance a kudancin ƙaramar hukumar Kumbotso, inda Kogin Chalawa ya ratso ta Panshekara, ya gangara ya gamu da Kogin Kano a wajejen Tamburawa, suka nufi Wudil tare, daga nan ruwan ya zama Kogin Haɗeja, ya shayar da fadamun Haɗeja da Nguru kafin ya doshi Tafkin Chadi. Da rani, in ruwa ya janye, akan ga rairayi shimfiɗe iyakar ganin ido, ga lambuna kore shar a gefe, ga masunta da komarsu, ga makiyaya suna gangaro da shanu mashaya, ga kuma gadar jirgin ƙasa ta layin dogon da ya iso Kano a 1911. A wannan kogi ne En'e ta Kano, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ta kafa ma'aikatar ruwan famfo a farkon shekarun 1930, har birnin ya riga garuruwa da yawa na ƙasar nan shan ruwa mai tsabta. Kogin da ya shayar da Kano kusan shekara ɗari, wanda kuma yake kusa da birni har mai keke ya je ya dawo kafin azahar, shi ne ya fi cancanta ya zama wurin shan iskar Kanawa, alhali kuwa a yau ƙalilan ne daga mazauna Na'ibawa ko Chiranchi ko Mariri za su yi tunanin ɗaukar iyalinsu su kai su can ranar hutu.

Magabatanmu na kusa ba su jahilci wannan ni'ima ba. Marigayi Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya fahimci cewa ruwan da aka tare domin noma yana iya zama abin kallo da hutawa, saboda haka da ya gina madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, kuma wadda ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure, sai aka kafa masaukin baƙi a kan dutse yana fuskantar tafkin, aka gina wani a bakin tafkin Bagauda, aka buɗe gidan namun daji a cikin birni, aka kuma kula da dajin Falgore. Bayansa aka kammala madatsar Chalawa a ƙasar Ƙaraye a 1992. Dattawan da suka ga wancan zamani suna iya ba da labarin yadda ma'aikata da ɗalibai da baƙin ƙasashen waje suke cika hanyar Tiga ranar Asabar da Lahadi. A yau masaukin Bagauda ya koma reshen Makarantar Horar da Lauyoyi, wanda ba laifi ba ne a karan kansa, sai dai yana nuna cewa himmar da ta gina shi ba ta sami magada ba.

To, mene ne ya raba Kanawa da bakin koginsu? Babban sababi, wanda bai kamata a yi masa lulluɓi ba, shi ne dagwalon masana'antu. Kano tana da manyan unguwannin masana'antu uku, Bompai da Sharaɗa da Chalawa, kuma a cikinsu ne mafi yawan majemun zamani na Nijeriya suka taru, tare da masaƙu da kamfanonin robobi da na abinci. Jima tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, kuma fatar jar akuyar Sakkwato da aka jeme a nan ta ƙetare Sahara tun ƙarnoni da suka shuɗe, har Turawa suka riƙa jingina ta ga Maroko saboda ta hannun fataken can take isa gare su. Amma majeman da, da bagaruwa da toka suke aiki, na yanzu kuwa da sinadarin kuromiyam da dangoginsa, waɗanda ruwa ba ya narkar da cutarsu. Ruwan wankin fatun Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya faɗa Chalawa, na unguwar Chalawa yana gangarawa kogin kai tsaye, na Bompai kuma yana bin Getsi da Jakara har madatsar Wasai. Malaman jami'o'inmu sun sha auna wannan ruwa suna gargaɗi, amma mazauna Panshekara da ƙauyukan da ke ƙasa da ita ba su buƙatar ma'auni, domin launin ruwan da warinsa sun ishe su shaida. A kan wannan kuma aka ƙara haƙar yashi ba bisa ƙa'ida ba, wadda ke cinye gaɓa, ta bar ramuka masu zurfi a ƙarƙashin ruwa inda yaro zai taka yana zaton tudu ne.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan al'amari shi ne, babu al'ummar da ta kai mu sanin hukuncin ruwa. Yaron da ya fara Ahalari da Ishmawi a zaure, tun bai san nahawu ba, ya san cewa ruwan da najasa ta jirkita launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa bai halatta a yi ibada da shi ba, bai kuma halatta a yi al'ada da shi ba. Ya ji malaminsa yana faɗin hanin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi game da ɓata mashayar jama'a, da hanin yin israfi da ruwa ko da mutum yana alwala a bakin kogi mai gudu. Fuƙaha'u kuma sun yi ittifaƙi a kan cewa ba a cutar da wani domin amfanin kai, kuma kawar da ɓarna shi ake gabatarwa a kan janyo amfani. Idan shari'a ta tsananta a kan mutum guda da ya ɓata rijiyar unguwa, yaya hukuncin wanda ya ɓata kogin da dubban gidaje ke sha, ke wanka, ke ban ruwan alayyafo da latas da tumatir da shi, kayan lambun da gobe da safe za a kai kasuwannin birni, mu saya da kuɗinmu mu ciyar da 'ya'yanmu?

Na san za a ce masana'antun nan su ne abincin dubban magidanta, kuma da yawa daga cikinsu sun riga sun durƙushe saboda rashin wutar lantarki da kwararowar kayan waje, don haka ɗora musu wani nauyi tamkar ƙarasa su ne. Wannan magana tana da nauyi, kuma ba mai hankalin da zai so a rufe ƙofar da talaka ke cin abinci. Sai dai tarihin wasu ƙasashe ya nuna cewa ba dole ba ne a zaɓi ɗaya tsakanin masana'anta da kogi. Kogin Singafo ya kasance juji mai wari har 1977, lokacin da Firayim Minista Lee Kuan Yew ya ba da umarnin a tsabtace shi cikin shekara goma, aka sauya wa masu sana'o'in da ke gaɓarsa matsuguni, aka gina magudanan ƙazanta, kuma zuwa 1987 aikin ya kammala, har bakin kogin ya zama wurin da baƙi suke fara nema in sun sauka garin, ba tare da ƙasar ta rasa matsayinta na kasuwanci ba. Kogin Tems na Landan ma, wanda masana suka ce babu sauran rai a wani sashensa a 1957, yau kifi ya komo cikinsa. Abin da waɗannan mutane suka fi mu da shi shi ne tsayuwa a kan doka da haƙurin bin aiki har ƙarshensa, ko da wanda ya fara shi ya bar kujera.

Akwai kuma bayin Allah masu kishin tarbiyya waɗanda ke tsoron kada wurin shaƙatawa ya zama dandalin fasadi, kamar yadda suke jin labarin wasu bakin tekun. Tsoronsu abin girmamawa ne, amma maganinsa tsari ne. Alƙur'ani mai girma, a wurare da dama, ya kwaɗaitar da tafiya a bayan ƙasa domin tafakkuri da ɗaukar izina, kuma malaman Musulunci irin su Ibn Baɗɗuɗa, wanda ya sauka Mombasa a 1331, sun mayar da tafiya wani babi na ilimi. Mu ke da ikon shimfiɗa wurin bisa ɗabi'unmu: a yi masallaci da wurin alwala, a keɓe rumfunan iyali, a sa dattawan gari da masu unguwanni cikin kula da shi, a rufe shi da magariba. Mutanen Argungu sun riƙe bikin kamun kifinsu a Matan Fada tun 1934, duniya tana zuwa kallo, UNESCO ta karrama shi a 2016, ba su kuwa sayar da mutuncinsu ba. Hawan Sallar Kano ma ya sami irin wannan karramawa a 2024, wanda ke nuna cewa abin da baƙo yake nema a wurinmu shi ne abin da yake namu na asali.

Saboda haka, a ganina, aikin yana da tartibi, kuma wanda ya saɓa tartibin zai yi asarar dukiyar jama'a. Farko a tsarkake ruwa. Wajibi ne Gwamnatin Jiha da hukumar kiyaye muhalli ta tarayya, NESREA, wadda aka kafa a 2007, su tabbatar kowace unguwar masana'antu tana da matatar dagwalo mai aiki dare da rana, masu kamfanoni su haɗa hannu wajen ɗaukar nauyinta gwargwadon abin da kowa ke zubarwa, a riƙa auna ruwan kogin a kai a kai, a kuma bayyana sakamakon a rediyo da harshen da manomin Tamburawa zai fahimta. Bayan haka a iyakance wa masu yashi wuraren ɗiba, a dasa itatuwa a gaɓa domin su riƙe ƙasa. Sa'an nan a tsare rayuka, domin ba mu manta da musibar Bagwai ba, a ƙarshen Nuwamban 2021, lokacin da jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari da mutane masu yawa, galibinsu ɗaliban Islamiyya. Duk jirgin da zai ɗauki mutum, lalle ya kasance da rigunan kariya da adadin da ba a ƙetarewa, Sarkin Ruwa da mutanensa kuma a ba su matsayi da albashi, tun da su ne suka san inda ruwa ke da zurfi. Sai an gama waɗannan ne za a yi maganar rumfuna da kujeru da masaukai.

Kuma kada a gina wurin domin jiran Bature. Baƙon farko da ya kamata a yi wa tanadi shi ne leburan da ya wuni a gaban inji a Sharaɗa, da malamar firamare ta Ɗanmaliki, da ɗan kasuwar Kwari wanda 'ya'yansa suka tashi ba su san komai ba sai kwalta da hayaƙin babura. Kano gari ne na miliyoyin mutane, amma filayen da iyali za su zauna su huta a cikinsa ba su taka kara sun karya ba, har ma ranar Sallah gidan namun daji ba ya ɗaukar masu zuwa. Da makarantunmu za su ɗauki al'adar fita da yara sau ɗaya a zango, su hau Dala, su shiga Gidan Makama, su ga marinar Ƙofar Mata da Kasuwar Kurmi ta zamanin Muhammadu Rumfa, sa'an nan su gangara Chalawa a nuna musu inda ruwan famfonsu yake fitowa, su wuce Tiga su ga yadda ake tare ruwan damina domin noman rani, da mun tayar da zuriyar da ba za ta yarda a zuba guba a kogi tana kallo ba, domin mutum ba ya kishin abin da bai sani ba.

Ina kira ga shugabannin ƙaramar hukumar Kumbotso da hakimai da dagatan da ke bakin kogin nan, da wakilanmu a Majalisar Dokoki, da masu masana'antu waɗanda da yawansu mutane ne masu gina masallatai da ciyar da marayu, da limamanmu da ke hawa mumbari kowace Juma'a, su ɗauki lamarin Chalawa a matsayin farilla ta kifaya wadda in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Mun karɓi kogin nan daga iyayenmu ana shan ruwansa da tafin hannu, kuma za a tambaye mu halin da muka miƙa shi ga na bayanmu. Allah ya ba shugabanninmu ikon sauke wannan amana, mu kuma ya ba mu ikon taimaka musu da gaskiya.