Filin Sani: Zanen leza da gonakin tattasai na Komadugu

Duk wanda ya san Shetimari ya san cewa arzikin bakin Komadugu tattasai ne, ran tattasai ruwa, ran injin ban-ruwa kuma esansi. Dokar ta-ɓaci ta 2015 ta taƙaita sayen mai a jahar Difa, sannan a 2023 Najeriya ta janye tallafinsa, tsada ta ƙaru. Shi ya sa manoma suka fara waiwayar allon hasken rana.

Allon iri biyu ne. Mafi yawa ana haɗa su da ɓantarorin silikon. Na biyu, mai shimfiɗa siririya, gilashi ne da aka shafa wa sinadari wanda kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na silin gashi ba. Kamfanin First Solar na Amurka ya yi suna a kansa.

To ina aikin leza, hasken nan mai kaifi da Theodore Maiman ya fara kunnawa a 1960? Shimfiɗa guda, komi faɗinta, ƙarfinta bai wuce bolt 1 ba. Don haka ana tsaga ta sau uku. Tsagar farko tana raba shafen farko da ke kai wuta zuwa dogayen layuka. Ta biyu tana huda shafen da ke shan rana, domin ƙarfen da za a zuba a baya ya taɓa layin maƙwabta. Ta uku tana raba ƙarfen kansa. Da haka layuka fiye da 100 ke riƙe hannun juna, ƙarfinsu ya taru, kamar fangalai da ruwa ke bi ɗaya bayan ɗaya. Wurin tsaga ba ya ba da wuta, shi ya sa ake son ta siririya.

Irin wannan allo ya fi jure zafi kaɗan, amma ƙarfin bolt ɗinsa yakan zarce na wancan, kuma laima in ta shiga gefensa tana cin layukan. Manomi ya dubi takardar bayansa, ya gwada da famfonsa kafin ya biya.

Marigayi Farfesa Abdu Mumuni ya jagoranci ONERSOL tun 1969. Ya dace magadansa su koyar da matasan Difa wannan sani, don mai saye ya san abin da ya saya. Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa.