Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kafintoci da Masu Gyare-gyaren Gida Kan Zaɓen Injinan Hannu Masu Batir

Dalilin rubuta wannan wasiƙa shi ne wata ɗabi'a da ta yaɗu a tsakanin masu sana'a, wato auna darajar injin huda ko injin yanka mai batir da girman lambar da aka buga a jikinsa, sannan a kai wannan gurguwar shawara ga magidanta masu son sayen injin da za su riƙa ƙananan gyare-gyare da shi a gidajensu.

Yabo dai wajibi ne, domin kafintocin wannan zamani sun rungumi kayan aikin da ba sa jiran wutar lantarki, kuma aikin ɗaura ƙyaure da a da yake cin yini guda yanzu ana gama shi kafin azahar. Su kansu injinan sun yi nisa tun 1961, lokacin da kamfanin Black & Decker na Amurka ya fitar da injin huda maras waya na farko, zuwa 2005, lokacin da Milwaukee ya shigo da batirin litiyom cikin wannan fanni.

Sai dai jahiltar abin da ke cikin batirin ya zama abin takaici. Batirin injin hannu tarin ƙananan ƙwayoyi ne da aka jera, kowace ƙwaya tana ba da volt 3.6, shi kuwa volt ma'auni ne na ƙarfin da lantarki yake turawa da shi. Idan an jera ƙwaya biyar sai a sami 18V, kuma da yake ƙarfin yakan ɗan ɗaga jim kaɗan bayan an cire batirin daga caja, wasu kamfanoni sukan rubuta 20V a kan batirin nan guda, shi ya sa injinan DeWalt da ake sayarwa a Amurka da lambar 20V ake sayar da irinsu a Turai da lambar 18V. Wannan bambancin suna ne kawai. Amma ina hankalin ƙwararren da zai ɗauki injin da aka rubuta masa 88V, batirinsa bai fi tafin hannu ba, ya ce wa magidanci wannan ya fi kowane ƙarfi? Kafin a kai 88V na gaskiya sai an jera ƙwaya 25, kowace tana da nauyin kusan giram 45, wato batirin kaɗai zai haura kilo guda. Wanda hannunsa ya saba da nauyin katako bai kamata lambar fenti ta ruɗe shi ba.

Lambar da ta fi cancanta a duba ita ce wadda ake rubutawa da Ah, ma'aunin yawan wutar da batiri yake iya adanawa, wadda ita ce take nuna tsawon lokacin da injin zai yi aiki kafin ya buƙaci caji. Batirin 18V mai 5Ah yawanci ƙwaya goma ne a cikinsa, jeri biyu na biyar-biyar, saboda haka duk wanda aka rubuta masa 5Ah amma ya zo sakayau a hannu, to akwai ƙarya a lamarin.

Tsofaffin masassaƙa ba sa karɓar gizago daga hannun maƙeri sai sun ɗaga shi sun ji nauyinsa, sun sari itace da shi sun ga yadda bakinsa ya shiga, kuma yaron da suka koya wa aiki ba ya taɓa kayan maigidansa sai ya san yadda ake wasa su da yadda ake adana su. Wannan tarbiyya ce ta ɓace, har ya zama a yau ana ganin babban kafinta yana sayen inji a cikin kwali ba tare da ya huda ko guntun katako da shi ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Laifi na biyu ɗan'uwan na farko ne, wato sayen injinan barkatai. Batirin Makita ba ya shiga injin Bosch, na DeWalt ba ya shiga na Milwaukee, kuma da yake batiri da caja sukan ci kaso mai tsoka na kuɗin, wanda ya sayi injin farko ya zaɓi gidan da zai zauna ne. Kamata ya yi a shawarci magidanci ya tsaya a kan kamfani ɗaya wanda batirinsa yake samuwa a kasuwar garinsu, ya fara da injin huda mai 18V da batiri biyu, tare da la'akari da cewa bangon bulo yana buƙatar inji mai bugu, wato wanda yake haɗa juyawa da duka, kankare kuwa sai injin da ake kira SDS. Mai ɗaura sukuru a kabad kawai, ƙaramin inji mai 12V ya ishe shi.

Akwai kuma batun zafi, wanda masu sana'a suke wasa da shi. Ƙa'idar batirin litiyom ita ce kada a yi masa caji idan zafi ya wuce digiri 45, alhali a Sakkwato da Maiduguri zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40 ko a inuwa, balle a cikin shagon kwano ko a but ɗin mota. Batirin da aka sauke daga aiki da zafinsa aka ɗora a caja nan take yakan mutu da wuri, jabunsa kuwa, da yake galibi ba shi da ingantacciyar na'urar da take katse caji, yana iya kumbura ko ya kama da wuta a cikin gidan da yara suke kwana.

Ba a rubuta wannan don raina kowa ba, domin a cikin masu sana'ar akwai waɗanda suka fi mai wannan wasiƙa sanin sirrin injinan. Roƙon dai shi ne, duk wanda magidanci ya nemi shawararsa ya raka shi shago, a ɗaga batirin a ji nauyinsa, a tabbatar ana samun na canji, sannan a huda katako da injin a gaban mai sayarwa kafin a biya kuɗi. Wassalam.