Tiyatar ƙashin baya: fasaha ta ci gaba, Zabori na jira

Kamfanoni irin su Medtronic na ƙera siririn bututu da likita ke bi ta cikinsa ya cire guringuntsin da ya danne jijiyar baya, ba tare da babban yanka ba. Majinyaci kan miƙe da wuri.

Amma manomin Zabori, a jihar Doso, idan baya ya kwantar da shi, sai ya nemi ƙwararre a Yamai ko Sakkwato. Kayan aikin kuma daga waje suke zuwa: tun da aka rufe gadar Gaya a 2023, kayan Kwatano suka koma zagaye ta Lome, tsada ta ƙaru.

Na'ura ba ta tiyata da kanta. Horar da likitoci ne farko.