Sojan kadangare da ba a yi wa fenti ba, rabin soja ne

A birnin Nottingham na ƙasar Ingila akwai wani kamfani mai suna Games Workshop da ke sayar da ƙananan mutum-mutumi na roba, yawancinsu ba su kai tsawon ɗan yatsa ba. An kafa shi a Landan a 1975, ya fito da wasan Warhammer a 1983, kuma a Disambar 2024 ya shiga jerin manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jarin Landan. Abin mamakin shi ne kayansa ba a gama su ba. Mai saye zai buɗe kwali ya tarar da gutsattsarin roba mai launin toka. Shi zai yanke, ya manna, ya yi fenti.

Wasan kansa na yaƙi ne a kan tebur. Mutum biyu za su jera rundunoninsu, su auna nisa da tef, su jefa ƙwayar lido don sanin wanda harinsa ya ci. Daga cikin rundunonin akwai ta mutanen-kadangare, wadda aka sauya wa suna zuwa Seraphon a 2015. An ɗauko adonsu da gine-ginensu daga daulolin Aztec da Maya na nahiyar Amurka. Akwai Saurus, ƙarfafan mayaƙa. Akwai Skink, ƙanana masu zafin nama. Sai Slann, shugabanninsu masu siffar kwaɗo.

Tsakanin masu wannan wasa akwai wata tsohuwar gardama: shin dole ne sai an yi wa soja fenti kafin a kawo shi fage? Gasanni da yawa sun ce dole ne, wasu ma suna gindaya sharaɗin aƙalla launi uku. A wasan Warhammer 40,000 har maki goma ake ba wanda ya gama fentin rundunarsa. Masu wannan doka suna da gaskiya, ko da kuwa tana ɓata wa wasu rai.

Dalilin yana cikin aikin kansa. A ɗauki sojan Saurus guda. Da farko a fesa masa fentin shimfiɗa don sauran launuka su kama. Sai launin jiki, galibi shuɗi, a tsinka shi da ruwa a shafa sau biyu, domin fenti mai kauri yana toshe zanen fatar. Sai wani ruwan fenti mai duhu da ke gangarawa cikin ramukan fata ya zama inuwa. Daga nan a goge buroshi har ya kusa bushewa, a bi ta saman fatar a hankali, sai kowane ɗan tudu ya yi haske. Haƙora, idanu da garkuwa su ne na ƙarshe. Fatar kadangare mai kaushi tana karɓar wannan dabara fiye da fuskar ɗan Adam, shi ya sa sabon hannu kan ga sakamako da wuri. Wanda ya taɓa tsayawa ya kalli jangwada a kan katanga, yadda jan kansa ke narkewa cikin duhun jikinsa, ya riga ya ga darasin farko.

Wanda ya ɓata dare biyu a kan soja ɗaya ba zai jefa shi cikin yaƙi da ganganci ba. Abokin karawarsa kuma, da ya yi watanni yana ƙawata tasa rundunar, ya cancanci ya fuskanci abin da ya fi tarin roba mai toka.

Masu adawa ba su rasa hujja ba. Suna cewa kamfanin da ke ƙarfafa dokar shi ne mai sayar da fenti da buroshi, don haka riba yake nema. Wannan gaskiya ne, kuma kayan suna da tsada. Suna kuma cewa ba kowa ke da lokaci ko hannun da ba ya rawa ba. Nan ma akwai abin dubawa, kuma bai kamata a kori mai lalura daga tebur saboda fenti ba. Sai dai dokar ba ta ce sai aikin da zai ci gasar Golden Demon ba, wadda ake yi tun 1987. Tun 2019 akwai fentin Contrast da ke ba da launi da inuwa a shafa ɗaya, ga kuma fentin wasu kamfanoni irin su Vallejo na ƙasar Sifaniya.

Babbar asarar tana ga mai tara kwalaye bai buɗe ba. Saye minti biyu ne a waya. Fenti kuwa sai an ajiye wayar, an zauna, an natsu. Mai haƙuri shi kan dafa dutse, kuma abin da ake sayarwa a kwalin nan ke nan tun asali: aikin da mai saye zai ƙarasa da hannunsa.