Wasan kwaikwayon matasa a lokacin hutu: wa zai ɗauki nauyinsa yanzu?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwa, duk shekara idan lakwal ta tashi aka shiga dogon hutu, gidajen matasa da al'adu na garuruwan Nijar sukan farfaɗo. Ƙungiyoyin unguwa su fito da jerin wasanninsu: yau wasan kwaikwayo, gobe wasa mai waƙa da rawa, jibi gasa tsakanin unguwanni. A Yamai akwai cibiyar Oumarou Ganda da gidan Djado Sekou, a Maraɗi gidan Bawa Ɗan Wardanga, a Damagaram gidan Abdussalam Adam. Kuma duk shekara iyaye sukan kawo wa malamai tambaya iri ɗaya: yarona ya shiga ƙungiyar teyatur, in bar shi ko in hana? Za mu zo kan hukuncin in sha Allahu. Amma akwai tambayar da ta riga wannan, wadda ba a cika yi ba: wa yake biyan kuɗin wasan, kuma wa yake zaɓar maganar da yaranmu za su faɗa a kan dandali?

Wanda ya kai shekarunmu ya san wannan harka ta taɓa samun uba. Kwaikwayo dai tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Ga tashe a watan azumi, ga wasan kara na Damagaram inda samari suke kwaikwayon sarki da hakimai a gaban idonsu. Amma bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a watan Afrilun 1974, gwamnati ta raya samariya, ta kafa bikin matasa na ƙasa wanda yake zagayawa daga babban birnin wannan jiha zuwa na waccan. Ƙungiya takan fara gasa daga unguwa, ta hau zuwa gunduma, ta hau zuwa jiha, kafin ta kai ga na ƙasa. A wannan zamani ne Yazi Dogo da abokan wasansa suka shiga kowane gida ta rediyo da talabijin. Ana nuna ma'aikaci mai cin hanci, da ɗan kasuwa mai ɓoye hatsi, da boka mai damfara, mutane suna dariya suna kuma gane da wa ake. Ba mu ce komai na lokacin daidai ne ba. Bakin gwamnati ne, yabon masu mulki yana ciki, cakuɗuwar samari da 'yan mata ma tana ciki, kuma malamai sun yi magana a kai tun a sannan. Sai dai labarin namu ne, harshen namu ne, kuɗin ma daga baitulmalin ƙasa yake fitowa.

Kountché ya rasu a 1987. Bayan taron ƙasa na 1991 samariya ta watse, aljihun gwamnati ya bushe, a watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. 'Yan wasa suka zama marayu, sai wasu iyaye biyu suka ɗauke su. Na farko cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, mai reshe a Yamai da Damagaram, wadda take da dandali da fitilu da hanyar fita waje. Na biyu ƙungiyoyin agaji na ƙetare, waɗanda suka gane cewa a ƙasar da yawancin manya ba su karanta boko, wasa ɗaya a bakin kasuwa ya fi takarda dubu isar da saƙo. Daga nan ƙungiyar wasa ta koma jiran kwangila. A kira shugabanta, a ba shi maudu'i a rubuce: tazarar haihuwa, ko auren wuri, ko cutar sida, ko rigakafi, ko zaɓe. Ya tsara wasa a kai, a biya shi, a ɗauki hoto a aika wa masu kuɗin.

Adalci shi ne mu ce wasu daga cikin saƙonnin nan alheri ne. Wanda ya kira mutane su kai yara rigakafi, ko su kai mai naƙuda asibiti da wuri, bai saɓa wa shari'a ba. Abin da ya dame mu shi ne siffar da aka riƙa ba malami da uba a yawancin wasannin kwangila. Malami kullum shi ne mai taurin kai da carbi a hannu, uba shi ne mai sayar da 'yarsa, mai ceto kuma ya zo da farar mota daga birni. Yaron da ya shekara goma yana kallon wannan, me zai ɗauka game da liman na unguwarsu? Kuma abubuwan da suke cin jama'a da gaske amma ba su cikin takardar mai kuɗi, irin riba a bashi, da cin dukiyar marayu, da hana mata gado, da shaidar zur a gaban alƙali, ba su cika samun mai hawa da su dandali ba.

Martanin da ya fito daga ɓangaren masu kishin addini kuwa, sau da yawa fushi ne kawai. A watan Nuwamban 2000 an yi tarzoma a Yamai da Maraɗi saboda bikin nuna tufafi na FIMA, gwamnati ta rushe wasu ƙungiyoyin Musulunci. A watan Janairun 2015, bayan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo, an ƙone cibiyar Faransa ta Damagaram, an ƙone majami'u, an rasa rayuka. Kishin Manzon Allah (SAW) wajibi ne, amma ƙona dukiya da taɓa jinin wanda bai yi laifi ba haramun ne, kuma bayan hayaƙi ya lafa yaran unguwa ba su samu wani wurin zuwa ba. A maƙwabta ma an ga irin haka: a 2016 malamai suka tashi a kan shirin gina ƙauyen fim a jihar Kano, aka fasa. Finafinan da muke kira dandalin soyayya ba su ragu ba ko da ɗaya, sai ma suka koma cikin waya inda babu mai tace su.

To yanzu al'amari ya sake juyawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, dangantaka da Faransa ta yanke. A watan Oktoban 2024 aka sauya wa cibiyar Yamai suna daga Jean Rouch zuwa Moustapha Alassane. An dakatar da wasu ƙungiyoyin ƙetare, Amurka kuma ta rufe yawancin tallafinta na USAID a 2025. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ke nan 'yan wasa sun sake zama marayu karo na biyu, a ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba. Gine-ginen suna nan. An ma gyara wasunsu a bukukuwan 18 ga Disamba, irin Maraɗi Kwalliya a 2015 da Zinder Sabuwa a 2018. Wani zai zo ya cika su. Ko dai hukuma ta mayar da su wurin kirari zalla, ko 'yan kasuwar da suka san rawa ita ke kawo 'yan kallo, ko kuwa al'ummar unguwa da kanta.

Game da hukunci, malamai sun saɓa, kuma bai halatta a ɓoye wa mutane wannan ba. Akwai waɗanda suka hana kwaikwayo gaba ɗaya, irin Shaikh Ahmad al-Gumari na Maroko da Shaikh Bakr Abu Zaid, kowannensu ya yi littafi a kai. Hujjarsu ita ce ƙarya ce da shiga rigar wani, kuma hadisi ya yi narko ga mai ƙarya don ya ba mutane dariya. Akwai waɗanda suka halatta da sharuɗɗa, irin Shaikh Ibn Usaimin da Shaikh Yusuf al-Ƙaradawi, suka ce mai kallo ya san misali ake bugawa, ba labari ake ba shi ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha ta kalli Habashawa suna wasa da masu a masallaci ranar idi, Annabi (SAW) yana kāre ta. Mu a nan muka fi karkata. Amma sharuɗɗan ba ado ba ne. Ba a kwaikwayon annabawa. Azhar da majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka duk sun hana. Namiji ba ya shiga kayan mata, domin la'ana ta tabbata a kan haka, ko da kuwa an saba da shi a wasannin da. Ba a wasa da aya ko salla ko kalmar saki. Ba a tsallake lokacin salla saboda labule bai sauka ba.

Inda aski ya zo gaban goshi shi ne wasa mai waƙa da rawa. Mazhabarmu ta Malikiyya ta tsananta a kan kayan kiɗa, duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san haka, ko da yake Ibn Hazm da Imam Gazali sun sassauta. Amma saurayi da budurwa baligai su riƙe hannu suna karairaya a gaban jama'a kamar yadda aka kwaso daga finafinan Indiya, wannan ba mu san malamin kirki da ya halatta shi ba, kuma ba al'adarmu ba ce balle a ce ana raya ta. Waƙa ita kanta kuwa, magabatanmu ba su bar wa kowa ita ba. Shehu Usman ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar nan, ya karantar da talakawa da waƙoƙin Fulatanci. 'Yarsa Nana Asma'u ta tsara waƙoƙi da Hausa, ta ba jajis suna kai wa matan ƙauye, 'yan taru suna haddacewa. Sun ga mutane suna son waƙa, sai suka zuba ilimi a cikinta.

Saboda haka uban da ya tambaye mu, amsarmu ita ce ya tashi ya je ya ga wurin da idonsa. Wa ke shugabantar ƙungiyar? Ƙarfe nawa ake tashi daga gwaji? Wa ke rako 'yan mata gida? Me wasan yake cewa? In ya ga ɓarna ya janye ɗansa, yana da iko. Amma ya tuna inda yaron zai koma. Zaman fada har asuba, da tramol, da 'yan palais na Damagaram, ba su fi gidan al'adu tsarki ba.

Ƙungiyoyin addini da 'yan kasuwarmu kuma, abin bai fi ƙarfinsu ba. Masu gina masallaci na biyar a layi ɗaya za su iya ɗaukar nauyin ƙungiyar wasa ta unguwa na wata uku: kuɗin haya, da lasifika, da abincin yara. Makarantun Islamiyya sun riga sun saba da gajeren wasa ranar walimar sauka. Abin da ya rage musu shi ne mai koya musu tsara labari da kyau, kuma tsofaffin 'yan wasan samariya suna nan a raye, da yawansu ba su da abin yi. A haɗa su da malami ɗaya mai sanin fiƙihu da sanin zamani ya duba rubutun kafin a hau dandali. Sai dai malamin ya sani cewa wa'azi daban, wasa daban. In aka sa yaro rawani ya tsaya yana jero nasiha na rabin awa, 'yan kallo za su fice su koma wa wayoyinsu, kuma a bar 'yan wasan su taɓa mai kuɗin da ya biya da malamin da ya duba in labari ya biyo ta kansu.

Wallahu a'alam. Allah ya shirya mana zuriya, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.