BA TURANCI NE YA KAYAR DA ITA BA

 Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, wata magana ce ta tsaya mini a maƙoshi tun ranar wani suna da muka yi a nan Kankiya. Ƙanwata da ke aure a Kusada ta zo idonta ya yi ja, wai sakamakon shekarar farko ya fito, ta faɗi Turanci, sai ta maimaita. Nan fa mata suka yi caa, wannan ta ce malamin mugu ne, waccan ta ce ai dama yaren nasara ba namu ba ne. Ni dai ban ce uffan ba, sai da aka watse na ce ta kawo mini takardar da aka raba musu ranar farko.

Ga wadda ba ta sani ba, duk wanda ya shiga jami'a a Najeriya sai ya yi wannan darasi a ajin farko, ko likita zai zama ko Hausa yake karanta. A sabon tsarin da hukumar jami'o'i ta NUC ta fitar a 2022 sunansa GST 111, kuma ba a ba mutum digiri sai ya ci shi. Tun kafin nan ma sai da kiredit a Turancin WAEC ko NECO, sannan a JAMB tambaya 60 ake yi a kansa, sauran darussa 40 kowanne. Ni na san zafinsa, don D7 na samu, a nan karatuna ya tsaya.

Na karanta takardar nan har sau biyu ina neman muguntar, ban gani ba. Ta ce sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin 100 na lakca kafin ya zauna jarrabawa. Ta ce gwaji da aikin gida maki 30 ne, jarrabawa 70. Wanda ya makara bayan minti 15 ba zai sa hannu a takardar halarta ba, wanda ya kwafi aikin wani da shi da mai aikin duk sifiri, kuma kowa sai ya miƙe ya yi magana a gaban aji. To don Allah wanne ne zalunci a ciki? Ko a Islamiyya idan yarinya ta yi fashin rabin zango, Malam ba zai ƙara mata hadda ba.

Na ce mu ƙirga. Mako goma sha biyu aka yi ana lakca, ranar Litinin ƙarfe takwas na safe. Sau nawa kika je? Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, biyar." Maigida ya ce ba zancen kwana a makaranta, kuma ba ta fita sai ya karya, shi kuwa ba ya shan kokon da ba ita ta dama ba. Daga nan ta goya yarinya ta nemi abin hawa zuwa Kankiya, ta zauna a tasha jiran mota ta cika. Ranar gwaji kuwa baƙi ne suka zo daga Ingawa, Hajiyarsa ta ce ba a barin baƙi a tafi boko. Ranar yin magana a gaban aji, awon ciki na kishiyar yayarsa aka ce ta raka.

Da ku nake, mazan da ke zama a majalisa kuna buɗa hanci, "ai iyalina tana jami'a." Kun biya kuɗin rijista, Allah Ya saka da alheri, amma kuɗi ba ya sa hannu a takardar halarta. Wallahi gara tun farko ka ce ba ka yarda ba, a san inda aka dosa, da ka yarda da baki ka hana da agogo. Iyayenmu sun ce nisa ne ya hana su, lokacin sai Zariya ko Kano ko Sakkwato. Yanzu ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina tun 2006, ga ta Tarayya a Dutsin-Ma tun 2011, duk tafiyar safe ce. Kai ne kuma gobe za ka tayar da jijiyar wuya a asibiti, wai namiji ba zai duba matarka ba. Likita macen daga sama za ta faɗo?

Mu ma ba mu fita ba. Na san ajin nan cike yake maƙil, na san yadda muka baro sakandare da Turancin da bai wuce na gaisuwa ba. Amma ke da kika zauna a kujerar baya kika ja mayafi kika rufe baki, wai kada a yi miki dariya, kunyar wa kike ji? Masu dariyar ma yawanci mu ne, mace ta saki kuskure ɗaya a mayar da shi sunanta har ta gama. Sai kuma a ɗauki aikin gida a kai shagon kwamfuta, ko a kwafo daga waya, mutum goma aiki ɗaya har da kuskuren. Ƙanwar tawa ma ta yi, ta faɗa mini da bakinta, na kuwa wanke ta tas.

Ranar Juma'ar da ta wuce na shiga mota na je Kusada da takardar a jakata. Bayan mun gaisa na shimfiɗa masa ita, na fassara masa layi layi da Hausa, na ce, "Malam, Litinin goma sha biyu ce kawai, ko ta kwana wurin gwaggonmu ranar Lahadi, ko ka sha kokon maƙota." Ya yi dariya ya ce zai yi shawara da Hajiya. Saura mako biyu a rufe rijista, kuma har yanzu bai kira ni ba.